Labulen Mama a Cikin Leda

Ku matso kusa, 'yan uwa, kuma yau kowa ya riƙe tsokacinsa sai ya kai ƙarshe. Baiwar Allahn da ta rubuto min wancan makon cewa na cika iyayi a kan aikina, na gani, na kuma yafe miki. Karanta wannan tukuna, sai mu yi magana.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: a gidanmu ba mai kirana da sunana. Kar-a-taɓa ake ce min. Ina aiki a ɗakin gwaje-gwajen da 'yan sanda ke kawo wa abin da suka tsinto a inda aka yi laifi, ɗigon jini ne, gashi ne, guntun sigari ne, mu kuma mu ciro DNA daga ciki, wato rubutun nan da ke jikin kowane mutum wanda ba ya zama ɗaya da na wani. Tun ina makaranta, ko kofi ne ya fashe a kicin sai na daka tsalle na ce kar a taɓa. Yayana ne ya raɗa min sunan, kuma shi kaɗai na yarje wa ya tsokane ni da shi, don shi ne ya sha wahalar karatuna. Lokacin jarrabawa yakan zauna a kan hannun kujera riƙe da littafina, yana kwaikwayon muryar malami.

"Abubuwa nawa ne ke lalata DNA?"

"Huɗu!"

"Kawo su, 'yar ƙauye."

"Zafi, danshi, rana, leda!"

Har waƙa ya mayar da su yana kaɗa murfin tukunya, Mama na korarmu daga falo. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai kuma Mai Gilashi. Wata bakwai da suka wuce Baba ya kira shi ya canza tagar ɗakin karatunsa. Taga ɗaya, jama'a, amma sau uku bawan Allahn nan ya zo awo. A zuwa na uku Kaka, mahaifiyar Baba, ta leƙo daga ɗakinta ta ce, "Yaro, tagar ce ke ƙara girma ko idonka ne ke yawo?" Ya sunkuyar da kai, abin awon ya suɓuce masa ya naɗe da ƙara, ni kuma ina bayan ƙofa da tiren ruwa ina cizon mayafi kar dariya ta tona ni. Dogo ne, ba shi da yawan magana, kuma tun da na san shi ban taɓa ganin yatsunsa goma ba filasta a jikin ɗaya ba. A wayata sunansa Taga.

An tsayar da Asabar ɗin ƙarshen wata manyansa su zo su ga Baba. Mama ta tayar da gidan gaba ɗaya. An sake fenti a falo, an fito da kofunan da ke cikin kabad tun kafin a haife ni, an kuma ɗinko labulaye sababbi, ruwan madara masu zare-zaren ruwan gwal a baki, har da ɗakin karatun Baba da babu baƙon da zai shiga. Ni ma an ɗinka min doguwar riga ruwan toka mai duwatsu a wuya, Mama ta ce ranar za ta saka min sarƙar gwal ɗin mahaifiyarta, wadda ke ajiye a durowar Baba shekara da shekaru.

Saura mako uku aka tura ni wani gari horon kwana huɗu. Ranar Talata, da aka tashi daga aji na kunna waya, sai saƙonni suka rufto.

Mama: "Ki kira ni."

Mama: "An fasa tagar Babanku."

Mama: "Sarƙar Innata."

Ashe da hantsi Mama ta raka Baba asibiti a duba masa ido, Yaya yana wurin aiki, gidan ba kowa sai Kaka a ɗakinta na baya da rediyonta, ita da kunnenta ya yi nauyi. Kafin su dawo an fasa tagar, an ɓalle durowar, an ɗauke sarƙar ita kaɗai. Ɓarawon ya yanke a gilashi, ya goge jinin da labulen Mama sabo fil. Da la'asar kuma aka tsuge da ruwa, ya shigo ta tagar ya jiƙa labulen sharkaf.

Nan take na kira ta. "Mama, kar a taɓa komai!"

"Ke dai da kar a taɓa. Kwantar da hankalinki, Yayanki ya adana labulen."

Wallahi da na ji an ce Yaya, sai na sauke ajiyar zuciya. Ban ma tambayi inda ya adana ba. Wannan sakacin nawa ne, na ɗauka.

Ranar Asabar na dawo, ko jaka ban sauke ba na tarar da zaman falo. Baba a kujerarsa da sabon tabarau, Mama ido a kumbure, Yaya a tsaye jikin ƙofa cikin farar shat mai dogon hannu har da maɓallin wuya.

"Yaya, da zafin nan? Neman aiki za ka?"

"Sanyin ofis ne ya sa min mura," ya ce. "Ke dai zauna, akwai magana."

Maganar ita ce, mai shagon bakin layi ya ga motar Mai Gilashi a ƙofar gidanmu ranar Talata da safe. Gaskiya ne, ya kawo wa Kaka madubin da ya yanka mata, ya miƙa ya wuce. Amma Yaya ya jera abin tiryan-tiryan: wa ya saka tagar? Wa ya san ɗakin ciki da bai? Wa aka gani washegari da bandeji a hannu?

"Yaya, mutumin nan gilashi yake yankawa! Ranar da ka gan shi ba bandeji, ranar ce ya kamata ka yi mamaki."

"Ni dai na faɗi abin da na gani."

Mama ta share hanci ta ce, "Ki yi haƙuri da shi kawai, 'yar nan. Maza ba su ƙare ba."

Baba ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Baba ba ya faɗa, kuma da ma faɗan yake yi da ya fi min sauƙi. "Ban ce shi ne ba," ya ce. "Amma ba zan zauna da manyan mutum ina murmushi, zuciyata tana min wasiwasi ba. Ke ce mai wannan ilimin. In jinin ba nasa ba ne, Asabar tana nan. In ba a gane ba, a ɗaga zuwan, sai yadda Allah ya yi."

Kun san me "sai yadda Allah ya yi" ke nufi a bakin uba. Amma ni har da murmushina, don a ganina an kawo ƙarar gidana. Na miƙe na ce a nuna min labulen.

Yaya ya ja ni waje, ya buɗe but ɗin motarsa. Motar da ke yini a filin ofis ba rumfa ba bishiya. Ga baƙar leda nan an yi mata ƙulli uku, ta kumbura, jikinta na zufa daga ciki. Ban buɗe ba, amma warin da ya bugo ni ya isa labari.

"Inna lillahi! Yaya! Jiƙaƙƙen labule? A leda? A but? Kwana huɗu?"

Mama da ta biyo mu ta ce, "To ba don kar shaidar ta fita ba? Ni na ce ma a ƙara leda ta biyu."

"Mama, ba turare ba ne da zai fita! Jini in ya bushe a inuwa, aka sa shi a takarda, sai ya shekara lafiya lau, don takarda tana shan iska. Amma leda tana riƙe danshi, zafi ya dafa shi, fumfuna da ƙwayoyin cuta su zauna su yi ta ci. Abinci kuka dafa musu, har da rufe tukunya!"

Na juya kan Yaya. "Kai ma? Kai da ka yi waƙar?"

Ya sosa ƙeya. "Kai, Kar-a-taɓa, shekara nawa? Wallahi na sha'afa."

"To ƙasan ɗakin fa? Gilasan fa?"

Mama ta gyara tsayuwa irin ta wadda ta yi abin kirki. Ta wanke ƙasan tas da ruwan bilic, sau biyu, don ba za ta bar jinin ƙato a ɗakin mijinta ba. Gilasan kuma an share, motar shara ta kwashe tun Laraba. Sajan ɗin da aka ba binciken ya zo ya tarar da ɗaki yana ƙyalli yana ƙamshi, ya ɗauki hoton tagar ya tafi. Na zauna a kan dakalin ƙofa na rasa kuka zan yi ko dariya. Shekara biyar ina wa'azin leda a gidan nan, ashe bango nake yi wa.

Litinin Sajan ya karɓi ledar a rubuce ya kai ofishinmu. Mai Gilashi kuwa da ƙafarsa ya je, ya buɗe baki aka goga masa tsinken auduga a kumatu. Daga nan ya turo min saƙo.

Taga: "An ɗebi yawuna. In ba su ishe su ba akwai saura."

Ni: "Ba abin wasa ba ne fa."

Taga: "Na sani. Amma in ban yi wasa ba ke za ki yi kuka."

Ku gaya min, irin wannan ne za a ce in yi haƙuri da shi?

Shugabarmu a wurin aiki, a bayan idonta Uwar Firji muke ce mata. Gajeriyar mace ce mai farin kot da ba ya taɓa yamutsewa, kuma ta fi tausayin firjin ajiyar samfur a kan mu ma'aikata. In wuta ta ɗauke, kafin janareta ya tashi ta riga ta dafa shi tana lallashi. Da ta ji labarin gidanmu ne, ta kalle ni ta saman tabarau.

"Ba za ki taɓa ba, ba za ki shiga ɗakin ba. Ni zan yi da kaina."

"To, ranki ya daɗe."

"Yau ke ce za a ce wa kar a taɓa."

Ashe ta san sunan. Na tsaya ta bayan gilashin ɗakin ina kallo ta saka safar hannu da takunkumi ta kwance ƙulli ukun nan. Labulen Mama ruwan madara ya koma kore da baƙi, fumfuna ta yi masa gashi. Uwar Firji ta ɗaga shi da ɗan hantsaki, ta juyo ta dube ni ta gilashin, ta girgiza kai a hankali. Na ji kunya kamar ni na ƙulla ledar.

Ranar Alhamis sakamako ya fito. Bari in yi muku bayani yadda na yi wa Baba. DNA dogon zare ne, mu kuma wurare ashirin da 'yan kai muke karantawa a jikinsa. In samfur lafiyayye ne, kowane wuri yana fitowa a kwamfuta da ɗan tsini dogo. In zafi da danshi sun ci shi, zaren yana tsintsinkewa, dogayen wuraren su fara mutuwa, gajerun su rage. A namu, tsini uku ne suka tsaya a farkon layi, na huɗu ya ɗan ɗaga kai, daga nan layin ya kwanta shafal har ƙarshe.

"Namiji ne," in ji Uwar Firji. "Bayan wannan, wuri uku ba sa kama kowa, ba sa sakin kowa. Mutumin naki bai fita ba, amma haka in kika tare motar haya kika gwada fasinjoji, za ki samu wanda bai fita ba."

Da na kai gida na faɗa, Yaya ya tafa hannu. "Kun ji ko? Bai fita ba!"

"Ba haka ake fassara shi ba!"

Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. "Wato ba a gane ba," ya ce. Ya tashi ya shige ɗaki. Mama ta ninke rigata ruwan toka ta saka a ƙasan akwati, a gabana.

Washegari na biya ta shagon Mai Gilashi. Ƙaramin wuri ne, gilasai jingine a bango jeri-jeri, ƙasa duk ɓurɓushi, shi ya sa kullum yake hana ni shiga da silifas. Ya ajiye abin yankan, ya kakkaɓe min kujera da hularsa.

"Ni ba 'yan sanda nake tsoro ba," ya ce. "Ba su da abin riƙe ni. Abin da ke damuna, ko da Baba ya haƙura ya ba ni ke, duk ranar da na miƙa masa hannu zai kalli yatsuna."

"Zan samo wata hanya."

"In babu fa?"

Na tashi na fito. A motar haya na yi kukana a cikin mayafi, wata mata a gefena ta miƙo min alawa ba tare da ta tambaye ni komai ba.

Ranar Lahadi da la'asar na shiga ɗakin Kaka yanke mata farce. Ɗakin Kaka shi ne mafi sanyi a gidan, yana bayan bishiya, rana ba ta taɓa leƙa shi, kuma ba ta yarda a yi mata mopin da ruwa, shara kawai. Ƙarƙashin gadonta kuwa duniya ce guda. Kwalaye ne cike da abubuwan da ta nannaɗe a takarda: maɓallai, makullan kwaɗon da suka ɓata tun Baba na saurayi, haƙorina na farko. Mama ta yi yaƙin duniya a zubar, Kaka ta ce sai dai a haɗa da ita.

"Kin rame," ta ce, ƙafarta a cinyata. "Yaron taga ne?"

Na ɗaga murya yadda za ta ji, na kwashe komai na gaya mata, har da waƙar zafi, danshi, rana, leda.

"To me ba ya lalata shi?"

"Bushewa, Kaka. Inuwa, sanyi, da takarda."

Na gama ƙafar dama na kama ta hagu, ba ta ce uffan ba, ita da ko rediyo ba ta bari ya gama magana ba ta sa masa baki ba.

"Jawo min kwalin can na lungu," ta ce.

Na jawo. Ta tona, ta tona, ta fito da tsohon ambulan na takardar asibiti an ninke bakinsa. Ta buɗe shi kaɗan ta nuna min. Guntun gilashi ne kamar tafin hannun jariri, gefensa da busasshen jini baƙi-baƙi, ya kama ram.

"Kar a taɓa!" na faɗa da ƙarfi, har Kaka ta zabura.

"Ke tafi can, ni da gefe na ɗauka. A bayan tukunyar fulawa na gan shi ranar, tun kafin ruwan ya sauko, ya riga ya bushe. Na ɗauke kar wani ya taka."

"Kaka! Kusan mako biyu ana neman a raba ni da mutum, kina zaune a kan wannan?"

Na miƙa hannu, sai ta janye ambulan ɗin ta ɗora a ƙirji. Ta dube ni wani irin kallo da ban gane ba a lokacin.

"Na'urar taku, suna take faɗa?"

"A'a, Kaka. Ba ta san sunan kowa ba. Sai wanda aka kawo nasa aka gwada. Za ta ce dai ba Mai Gilashi ba ne."

"Wanda ba shi ba ne kawai za ta faɗa?"

"Shi kawai."

"Kin tabbata?"

"Kaka, aikina ne fa."

Ta daɗe tana kallon ambulan ɗin, sannan ta ajiye a kan gado. "Yaron nan ya yanka min madubi bai karɓi ko sisi ba," ta ce. "Ba zan bari a ɗora masa abin da bai yi ba. Ɗauki."

Ban ɗauka ba, ni ma na san dokata. Na kira Sajan ya zo da safar hannu, ya rubuta bayanin Kaka, ta dangwala yatsa tana mita an ɓata mata hannu da tawada. Na san a kotu lauya zai yi ta tambayar inda gilashin ya kwana. Amma ni ba alƙali nake son gamsarwa ba, Baba ne. Mama ta yi ta mamaki wai tarkacen Kaka ne yau ake ɗauka da safar hannu. Da Yaya ya dawo ta ba shi labari a kan tebur, ya ce, "Ah, madalla," ya ture farantinsa ya ce murar ta hana shi cin abinci.

Ni kuwa kwana ukun nan a sama nake tafiya. Na ciro rigata daga ƙasan akwati na goge ta da kaina.

Ni: "Ka ce wa manyanka kar su cire takalmansu, Asabar tana nan."

Taga: "Ki gaishe min da Kaka. Ki ce mata duk tagar da take so a duniya."

Laraba, ana saura kwana uku, Uwar Firji ta aiko a kira ni ofishinta. Ta ce in rufe ƙofa. Sannan ta ce in zauna. Shekara uku ina aiki a ƙarƙashinta, ban taɓa sanin kujerar nan ta zama ba ce.

Ta juyo min da kwamfutar. Jama'a, ban taɓa ganin samfur mai kyan wannan ba. Tsini ashirin da 'yan kai, kowanne a tsaye cak, daga farkon layi har ƙarshe.

"Wa ya adana wannan?"

"Kakata, ranki ya daɗe. A ƙarƙashin gado."

"Ki ce mata in tana neman aiki akwai gurbi." Ta danna wani shafin. "Ba na mutuminki ba ne. Sun saɓa a wuri goma sha huɗu. Ya fita fes."

Na miƙe tsaye, na rufe baki da hannu biyu, na ma fara laluben waya a aljihun kot.

"Zauna, ban gama ba."

Na koma na zauna.

"Kin san duk sakamakon da ya fito sai mun gwada shi da na ma'aikata, ko wani ya yi atishawa a kan samfur."

Na sani mana. Ranar da aka ɗauke ni aiki, ni ma an goga min tsinken auduga a kumatu, DNA ɗina yana cikin kwamfutar nan tare da na kowa. Na sani sarai, amma ko sau ɗaya bai faɗo min a rai ba lokacin da nake yi wa Kaka alkawari.

"Da na ga ya yi kusa da naki, na ɗauka ke kika taɓa, har na shirya miki faɗa. Sai na ga namiji ne. Kuma ba naki ba ne, kama ce kawai, irin wadda bare ba ya yi." Ta cire tabarau. "Ba mahaifinki ba ne. Da uba ne, da kun haɗu a kowane wuri. Wannan ya fi kama da wa da ƙanwa. Ba hujja ba ce sai an gwada shi kansa. 'Yan uwa maza nawa gare ki?"

"Ɗaya."

"Gobe da safe rahoton zai tafi wurin Sajan. Abin da na gani zan rubuta, ba ragi ba ƙari. Na dai ga ya kamata ki riga takardar isa gida."

Ban san yadda na fito ba. Na tsaya a baranda ina jin firjin nan yana gurnani ta bango, komai yana dawo min ɗaya bayan ɗaya. Ƙulli uku. But ɗin mota a tsakiyar rana. Dogon hannu da zafin nan. Da Kaka, wadda kunnenta ne ya yi nauyi ba idonta ba, ta rungume ambulan tana tambayata ko na tabbata. Abin da zai dawo min da Asabar ɗina shi ne zai karya Baba da Mama, kuma ni na roƙo shi da bakina.

Waya ta yi ƙara sau biyu a jere.

Taga: "Shiru? Ko in fara guga?"

Yaya: "Kar-a-taɓa, ina ƙofar ofishinku. Fito in rage miki hanya."

Rabon Yaya da ya zo ɗaukata tun ina makaranta. Na rataya kot ɗina, na gyara mayafi, na fita. Ga motar can a tsakiyar rana. Na buɗe gaba na shiga, ya yi min murmushin nan nasa na tsokana, sai dai leɓensa a bushe yake.

"To, likita, me na'ura ta ce?"

Ya miƙa hannu zai saka giya, hannun rigar ya ɗan zame baya. Bandeji ne tun daga wuyan hannu, ya shige ciki ban ga ƙarshensa ba. Ya ga na gani. Bai ja rigar ya rufe ba.

Ina son in yi ihu, ina son in tambaye shi sarƙar, da dalili, da yadda ya iya tsayawa a falo ya nuna mutumin da bai ji ba bai gani ba. Amma abin da ya fito daga bakina daban ne, kuma a hankali ya fito.

"Yaya, abubuwa nawa ne ke lalata DNA?"

Ya daɗe yana kallon sitiyari. Sannan ya murɗa makulli ya kashe motar.

"Huɗu," ya ce.